Littafin Wankin Fuska, Daga Shigar Hunturu Zuwa Azumi

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024, Birnin Kebbi

Da hantsi na zazzage kwandon banɗakinmu a kan tabarma, na ƙirga abin da ni da Auta muke wanke fuska da shi. Guda bakwai. Sabulun salo da Inna ke aiko mana daga Gwandu, sabulun wanka na kullum, wani mai warin asibiti da aka rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta, wani ja da ake cewa na karas ne, kwalbar kilinza irin wadda ake gogawa da auduga, wani mai tsakuwa-tsakuwa na dirza, sai soson buhu, wanda shi ya fi kowa shan aiki a fuskar Auta. Duk wannan lodi a kan fuska biyu, kuma babu mai daɗin kallo a cikinsu. Tawa ta fara furu-furu tun iska ba ta kankama ba, gefen hanci yana saɓa. Ta Auta kuwa maiƙo ne da ƙuraje, goshi da kumatu, ga tabo baƙi-baƙi duk inda ƙurji ya taɓa zama.

Abin kunyar, shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Kowace shekara sai na tsoma takardar gwaji a ruwan lemun tsami da ruwan toka a gaban aji, amma ban taɓa tsoma ta a abin da nake shafa wa fuskata ba.

An sa bikin Auta bayan ƙaramar Sallah, muna da kusan wata biyar. Mun yi yarjejeniya: abu ɗaya za a riƙa canzawa a lokaci guda, kuma ba a yanke masa hukunci sai ya yi sati shida, tunda fatar sama tana ɗaukar kimanin sati huɗu kafin ta sake sabuwa. Duk Asabar da ƙarfe tara za mu ɗauki hoto a bakin taga, babu hoda. Auta ta ce, "Yaya, ni dai kada ki maishe ni ɓeran gwaji." Na ce ai ta riga ta zama, bambancin kawai yanzu akwai mai rubutawa.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na zo da takardun gwajin pH daga wurin aiki, bayan na roƙi mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Ma'aunin daga 0 ne zuwa 14. Bakwai tsakiya ce, ƙasa da ita tsami, sama da ita kaifi irin na toka da kanwa. Fatar mutum mai lafiya tana zaune wajen 5, wato tana da ɗan tsami-tsami, kuma wannan siririn lulluɓi na maiƙo da gumi shi ke riƙe mata ruwa, shi ke hana ƙwayoyin cuta sakewa.

Na jiƙa kowane sabulu na manna takarda. Na wanka ya ba ni 10. Mai warin asibiti 10. Na karas 10, wato launi da ƙamshi kawai ya fi su. Sabulun salon Inna tsakanin 9 da 10. Auta ta ce ai daga 5 zuwa 10 ba wani nisa ba ne. Sai malantar ta motsa: kowane taki ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ne, taki biyar kuwa ninki dubu ɗari. Ta yi shiru.

Kuma ba laifin masu yin sabulu ba ne. Sabulu dai mai ne aka dafa da soda ko ruwan toka, haka halittarsa take, in ka matsa sai ya sauko 5 to ya tashi daga sabulu, ya koma kitse. Bayan an wanke fuska da shi, fata kan ɗauki sa'o'i kafin ta koma yadda take. Auta kuwa sau huɗu take wankewa a yini, tana ganin datti ne ke kawo ƙuraje. Yaushe fatar za ta huta?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗaurewar nan da fuska ke yi bayan wanka, ta yi tamau har yatsa ya riƙa cijewa in ka goga. Tun ina yarinya nake ɗaukar hakan alamar an fita tas. Ashe fata ce aka kwashe wa mai har ƙasa, take neman agaji.

Kilinzar auduga ta ba ni 5 da 'yan kai, amma da ka buɗe murfin sai warin sifirit ya doki hanci. Na ɗiga ta a bayan hannu, ta bushe nan take ta bar wurin fari. To pH ba shi ke nan ba. Ita ma ta bi sahun sauran. Ruwan lemun tsamin da Auta ke matsawa a kan tabo ya ba ni 2, ga shi in rana ta doke shi a kan fata yana iya ƙona ta ya bar baƙin da ya fi na farko.

Da dare na faɗa wa Inna a waya. Ta ce, "Wanga sabulu da shi na wanke ku tun kuna cikin zane, mi ya same ku?" Tana da gaskiya. Amma sau ɗaya take wanke mu, kuma ba ta barinmu mu tashi sai ta mulke mu da man kaɗe. Mu ne muka riƙe sabulun muka yar da man. Sabulun salo ya koma na jiki, daga wuya zuwa ƙasa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na yini tsakanin babbar kasuwa da kemis uku. In ka ce kilinza a garin nan, ta auduga za a miƙo maka. Sai na koma cewa sabulun ruwa na wanke fuska, wanda babu sabulu a cikinsa. Wani yaron shago ya dube ni ya ce, "Malama, sabulun da babu sabulu kuma?" Haka ne kuwa. Ana haɗa su da wasu sinadaran wanki masu laushi waɗanda ake iya saukar da su kusa da pH na fata.

Na ga Cetaphil da CeraVe da ake ta yayi a TikTok. Kuɗinsu ya fi ƙarfin albashin tsakiyar wata, kuma a wani shago na ga kwalabe biyu masu suna ɗaya, rubutun ɗaya ya dushe, babu lambar NAFDAC, farashinsa rabin na ɗayar. Na ajiye. Wanda na saya ba sananne ba ne, amma ya cika abin da na fito nema: lambar NAFDAC, ranar lalacewa da ake iya karantawa, babu turare, akwai gilisarin a sahun farko na jerin sinadarai. Jerin nan daga mafi yawa ake fara shi, don haka abin da ke layin farko shi ne ainihin abin da ka saya. Duk wanda aka rubuta wa alƙawarin haske cikin kwana bakwai ban ko juya bayansa ba.

Na haɗa da farin Dove guda ɗaya don in gwada. Takarda ta yi kore, wajen 7. Bai kai na ruwan ba, shi 5 da rabi ya ba ni, amma ga wadda aljihunta bai kai ba, ya fi mai 10 nesa ba kusa ba.

Za mu shafa kaɗan a bayan kunne dare uku kafin ya hau fuska.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Bayan kunne lafiya lau, mun fara ranar Laraba.

Gaskiya ban ji daɗinsa ba. Ba ya kumfa, santsi kawai yake yi kamar kunun kanwa da ya huce, in ka ɗauraye sai ka ji kamar ba ka yi komai ba. Daren farko sai da na tsaya a bakin banɗaki ina kallon sabulun salo. Amma na fito na zauna minti goma ban shafa komai ba, fuskar ba ta ɗaure ba. Rabon da in ji haka a watan Nuwamba na manta.

Yadda muke yi: a wanke hannu tukuna. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda za a iya yi wa jariri wanka da shi. A matso kamar ƙwayar gyaɗa biyu, a murza da tafin yatsu a hankali, ana ƙirga sittin a zuci. A ɗauraye sosai, musamman bakin gashi da ƙasan haɓa inda hijabi ke zama. A dangwala ƙaramin tawul na fuska kaɗai, ba a gogawa. Sannan a shafa mai tun fuskar tana da danshi.

Ni dare kawai nake sa abin wankin. Da safe alwalar asuba ta wadatar. Na lura duk bayanan da nake karantawa na mutanen Turai da Amurka ne, masu jiƙa fuska sau biyu a yini. Mu sau biyar muke jiƙa ta ko fiye, kuma a iskar hunturu ruwan da ya bushe a kan fata yana tafiya da danshinta. Yanzu akwai ƙaramar robar mai a jakata, ina idar da azahar a makaranta nake ɗan shafawa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na kama soson buhu a ɓoye bayan bokiti. Auta ta ce in ba ta dirza ba ji take kamar ƙurajen suna yi mata dariya. Na nuna mata hoton ranar farko: duk inda ta fi dirza, nan tabon ya fi duhu. Baƙar fata haka take, in aka ɓata mata rai da guga ko matsa, da ƙarin baƙi take ramawa, kuma ƙurjin sati ɗaya yakan bar tabon wata da watanni. Soson ya koma wankin tukunya.

Asabar, 7 ga Disamba

Saɓar gefen hancina ta tsaya cak.

Na yi wani ɗan gwaji don kaina. Gora biyu, ɗaya ruwan rijiyar gidanmu, ɗaya ruwan leda, na kankara sabulun wanka daidai wa daida na girgiza. Na leda ya cika da kumfa. Na rijiya kumfa kaɗan, sai wani farin gudaji yana yawo a sama. Kalsiyom da magniziyom ne na cikin ruwan suke kama sabulu su zama wannan dauɗar, irin wadda ke manne a gefen bokiti, kuma yadda take manne a bokiti haka take kwanciya a fata. Da na sa sabon abin wankin a ruwan rijiyar bai yi gudaji ba. Wata maƙwabciya ta ce ita da ruwan leda take wanke fuska. A tsadar nan, canza abin wankin ya fi sauƙi.

Asabar, 14 ga Disamba

Maiƙon Auta ya ragu kaɗan, ƙuraje suna nan daram. Sati shida bai cika ba, amma ta dame ni, na karya dokata da kaina. Na sayo mata abin wanki mai salisilik asid kashi 2 cikin ɗari. Shi yana narkewa a cikin mai, shi ya sa yake iya shiga ƙofofin gashi ya kwance abin da ya toshe. Dare ɗaya a sa, dare ɗaya a huta, sauran lokutan mai laushin.

Asabar, 28 ga Disamba

Mun je suna Gwandu, kwana uku, na bar kwalbata a gida. Sanyi ya sauko sosai, hazo ya rufe gari har ba a ganin ƙarshen layi. Ruwan wanka daga kan murhu ake juyo shi yana tururi, ni kuma na ji daɗinsa na sheƙa a fuska, ga sabulun salo a hannu. Kwana na biyu kumatuna suka fara raɗaɗi in na yi murmushi. Na uku saɓa ta dawo har gira. Da gangan ba zan yi wannan gwajin ba, amma ya ba ni amsa: ruwan zafi yana narkar da man fata kamar yadda yake narkar da na kwanon miya.

Inna ta dube ni ta ce, "Ke da kimiyyarki, zo nan." Ta lakato man kaɗe ta murza a tafinta har ya narke ta shafa mini. Kafin mu shiga mota raɗaɗin ya kwanta. Na taho da ƙullinsa, na dare ne a kumatu da leɓe. Auta na hana ta, fuskarta ba ta neman ƙarin mai mai nauyi.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Wannan satin ne ya juya aikin gaba ɗaya.

Sati huɗu da salisilik, babu wani sauyi na a zo a gani. Da na faɗaɗa hotunan a waya sai na lura ƙurajen Auta duk girmansu ɗaya, ƙanana, jere kamar an shuka gero, babu baƙaƙen kan nan da farare da aka saba gani a ƙurajen balaga. Ranar Litinin ina neman allura a jakarta na ci karo da wani ɗan tub, an matse shi ya kusa ƙarewa. Na karanta jikinsa, kulobetasol. Wata ƙawarta ce ta ba ta tun da damina, wai a zuba a cikin man shafawa, fuska ta yi fes kafin biki. Wata shida tana shafawa kullum, ina nan ina auna sabulu.

Ban yi faɗa sosai ba, don na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Yaya, ai ba bilicin ba ne, kowa na sawa." Kulobetasol yana cikin mafiya ƙarfin magungunan sitiroyid na shafawa. Likita ke rubuta shi don cutar fata mai tsanani, na ɗan lokaci, kuma fuska ba wurinsa ba ce. Hasken da yake bayarwa tare yake zuwa da sirancewar fata, da jijiyoyi da ke fitowa, da irin waɗannan ƙurajen.

Ranar Laraba muka je asibiti, muka kai tub ɗin da duk kwalabenmu a leda. Likitar ta tabbatar. Ta tsara mata yadda za ta rabu da shi, ta ce a ajiye salisilik tukuna, a ci gaba da mai laushin da man shafawa marar turare, ta kuma gargaɗe mu cewa fuskar za ta yi bore kafin ta kwanta. Ta ɗaga kwalbar wankinmu ta karanta ta ce wannan kam a riƙe shi.

Na dawo ina tunanin wata biyun da na yi ina neman laifi a kwandon banɗaki. Abin wanki minti ɗaya yake yi a fuska ya bi ruwa. Iyakar abin da ake nema a wurinsa ya cire ƙura da gumi da hoda ba tare da ya yi ɓarna ba. Abin da ke kwana a kan fata shi ke da babbar magana.

Asabar, 25 ga Janairu

Boren ya zo. Fuskar ta yi ja, tana zafi, tana ƙaiƙayi, Auta ta ƙi zuwa Islamiyya kwana huɗu. Sau biyu ta roƙe ni in ba ta tub ɗin ko sau ɗaya. Yana cikin shara tun ranar asibiti. A kwanakin nan ko ruwa raɗaɗi yake mata, sai muka koma wanki sau ɗaya da dare, da tsumma mai sanyi in zafin ya taso. Da sabulu mai 10 ne a hannunta a wannan halin, ban san inda za mu kwana ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ja ya sauka. Mun koma asibiti, likita ta ba ta abin wanki mai benzoyil feroksaid kashi 5 cikin ɗari saboda 'yan ƙurajen da suka rage. A shafa, a bar shi minti ɗaya zuwa biyu, a ɗauraye, sau uku a sati. Ta ce yana cin launin tufa, mu duka muka ce to. Kwana biyu tsakani Auta ta share fuska da gefen shuɗin hijabinta na makaranta, ya fito da tambari ruwan goro kamar an ɗiga masa bilic. Tawul da rigar filo yanzu farare ne.

Nawa ɓangaren, kwalli da hodar ranar biki ne suka gagari mai laushin. Maimakon in wanke sau biyu da ƙarfi, sai in ɗiga man zaitun a auduga in share ido da fuska, sannan in bi da abin wankin. Mai ke ɗauko mai, ruwa ya kwashe sauran.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na jera hotuna goma sha shida a kwamfutar maigida. Nawa ba labari, fuska ce kawai da ba ta saɓa, kuma wannan ne hunturu na farko da ɗalibai ba su ce mini Malama akwai alli a kumatunki ba. Na Auta, goshi ya kwanta, saura huɗu ko biyar a haɓa. Ta koma launinta na asali, wanda ya fi na Nuwamba duhu, kuma wata gwaggonmu har ta tambaya ko rashin lafiya ta yi. Tabon yana nan, ya dai fara dushewa daga gefe. Likita ta ce wannan aikin watanni ne, da man kariya daga rana kowace safiya, ba na wanki ba.

Kwalbar farko ta yi mana sati tara mu biyu. Da na lissafa abin da muke kashewa a kan tarkacen da can, kusan kunnen doki ne.

Asabar, 8 ga Maris, 8 ga Ramadan

Iska ta juya, zafi ya shigo da ƙarfinsa. Kafin la'asar ƙasan hijabi ya jiƙe, kuma fuskata da ke roƙon mai a Disamba yanzu tana ƙyalli tun azahar. Na koma wanki sau biyu, bayan sahur da bayan tarawihi, na ajiye man kaɗe sai wani hunturun. Auta ta koma wani mai ɗan kumfa kaɗan, na auna shi 5 da rabi kafin in bari ya shiga banɗaki.

Sabuwar rigima ita ce gyaran jikin amarya. Dangin sun riga sun yi magana da mai dilka, za ta fara kwana biyu bayan Sallah, kuma ta aiko da wani haɗin sabulu a robar man shafawa, ruwan ɗorawa, babu suna babu jerin sinadarai, wai a fara wanke fuska da shi tun yanzu. Na ce jiki nasu ne, daga wuya zuwa sama kuwa sai abin da likita ta gani. Inna ta ce a waya in bar mutane su yi al'adarsu, amma ta ƙara da cewa in tambayi matar mi ta zuba a ciki.

Takardar gwaji uku suka rage. Na manna ɗaya a haɗin, ta yi shuɗi mai duhu, 10. Abin da takarda ba ta iya gani shi ya fi damuna, don haka robar tana cikin leda a jakata. Ranar Laraba muna da layin asibiti da ƙarfe takwas.